Gidajen da Ba Su Cikin Takarda

Shekara tara Salifu yana gadin barajin gwamnati da ke tare ruwan kwari a gabas da Kona, kuma kullum sai tsakiyar rani masu dubawa ke zuwa, lokacin da babu ko ɗigo a bayan ginin. Bana wata injiniya aka turo, Mansura, da takarda mai gurbi uku: haɗari babba, matsakaici, ƙarami.

Ya kai ta gindin ginin, ya nuna mata ramukan gafiya, da inda ruwa ya riƙa tsattsafowa jajir da laka a daminar bara. Ta rubuta. Sannan ta fahimtar da shi cewa ba lafiyar gini ake aunawa a gurbin nan ba, mutanen da ruwa zai ci in ya ɓalle ake ƙirgawa. Ta dubi kwarin, fayau, sai busasshen kashin shanu. Ƙarami ke nan, kuma ƙarami shi ake gyarawa a ƙarshe.

Salifu ya ce ai da ruwan fari Arɗo Cha'ibu ke sauka nan da gida goma sha ɗaya, don gonaki sun cinye ko'ina, kwarin kaɗai ya rage wa shanu.

"Baba, in ka shaida ka sa hannu, zan rubuta su," in ji ta. "Amma takardar kora za ta riga masu gyara zuwa."

Ya roƙe ta ta dawo da damina ta gani da idonta, ta ce motar ofis ba ta fita da damina. Ya koma gefe ya kira Arɗo a waya, ya zayyana masa komai.

"Ɓallewar ruwa wataƙila ce, Salifu," Arɗo ya ce. "Yunwar shanu kuwa tabbas. Kada ka rubuta mu."

Salifu ya daɗe tsaye yana duban ramukan nan. Shi ya ga launin ruwan bara, Arɗo bai gani ba. Ya karɓi biro ya sa hannu, yana jin haushin takardar da na kansa.

Da ruwan fari jandarmomi suka kafa allon hana sauka a bakin kwarin. Masu gyara ba su zo ba. Arɗo ya kora shanunsa arewa ta gaban ɗakin gadi, Salifu ya yi masa sallama har sau biyu, bai waiwayo ba.