Ƙarfen Mama Kansila

"Buga mana! Ko hannun naki na aro ne?"

Muryar Mama Kansila ce daga taga, ta sirance amma kaifinta na nan. Hadiza na tsaye a gindin mangwaro riƙe da guntun rodi, Nelson ɗan Mama ya gitta tsakaninta da tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a reshe.

"Maman Audu, ki rufa mini asiri," ya ce wa Hadiza. "Likita ya ce hutu take buƙata. Ba hayaniya."

Duk unguwar Nasarawa ba wanda bai san ƙarar ƙarfen nan ba. Mama Kansila, wato Judith Shekari, tsohuwar shugabar firamare ce. Da sojoji suka koma bariki aka ce a fito zaɓe, ta gyara ɗaurin zani ta fito, ta kayar da maza masu manyan riguna, ta zama kansila. Ita ta tsaya kai da fata har aka haƙa burtsatse a layin. Amma abin tinƙahonta shi ne makarantar matan da ta buɗe a tsakar gidanta. Bayan la'asar a buga ƙarfe, masu ƙosai da masu tumatir da matan ma'aikatan masaƙa, 'yan coci da 'yan masallaci, duk su matsu a benci ɗaya. A nan Hadiza, maƙwabciyarta ta jikin katanga, ta fara riƙe alli da goyo a baya.

To, tun da ciwo ya kwantar da Mama ƙarfe ya yi shiru, mata suka watse. Nelson ya ce makaranta ta mutu, gobe zai kwashe bencinan ya kai coci. Mama ta ce ta yarda, amma a buga sau ɗaya tak. In ba wadda ta zo, ya kwashe har da allon.

Abin ya tsaya wa Hadiza a rai. In bencinan nan suka fita daga gidan, ta san ba za su dawo ba.

"Mama, yanzu fa hantsi ne," ta ce. "Kowa na kasuwa. Mu bari sai la'asar."

"Na san hantsi ne, ido ban rasa ba. Nelson, matsa. Hadiza, buga!"

Ta yi bisimilla ta buga. Ta ƙara. Ta yi ta bugawa har tafin hannunta ya yi zafi.

Kai, jama'a! Ba a jima ba sai ga ihu daga bakin layi. Celina mai tumatir ce a gaba, hannu biyu a ka, takalmi ƙafa ɗaya. Bayanta Christy da kumfar wanki har gwiwar hannu. Mata suka yi ta ɓullowa ta kowane lungu suna kururuwa, "Wayyo Mama! Mama ta tafi!" A ƙauyukansu, in aka ji ƙararrawa ba a kan lokacinta ba, to an yi rasuwa. Sai a lokacin Hadiza ta gane. Lallai tsohuwar nan 'yar siyasa ce har ɓargo.

Tsakar gida ya cika maƙil. Celina ta zube ƙasa tana birgima. Sai labulen tagar Mama ya yaye.

"Sannunku da zuwa jana'iza," in ji Mama.

Celina ta ɗago da ƙasa a goshi, baki buɗe.

"Ashe kuna da ƙafafu? Wato gawata ce ke da farin jini, karatu kuwa ko oho. Celina, tashi, kin ɓata zaninki a banza."

Wata ta fashe da dariya, sai kowa ya kama, ana yi ana share hawaye. Kunya kuwa kamar ƙasa ta tsage.

"Tunda kun zo, ku zauna. Hadiza, ɗauki alli."

Hadiza ta ja da baya. "Ni? Mama, ni da jiya-jiya na iya rubuta sunana?"

"Ni ma ranar da na fara shiga majalisa ban san inda ake zama ba. Kujera na ja na zauna, har yau ba wanda ya tashe ni." Ta yi tari mai tsawo, sannan ta juya. "Nelson, ka ga sakamako?"

"Mama, wannan ai maguɗi ne."

"Sai ka tafi kotu."

Ya girgiza kai, dariya na neman ƙwace masa. Da hannunsa ya jawo bencin farko.

Kafin a tashi, Mama ta sa aka yi shiru. "Kukan da kuka yi yau na gani da idona, na gode, ya ishe ni. Ranar da na tafi kada wadda ta taɓa ƙarfen nan. Na karatu ne."

Ba ta daɗe ba bayan nan. Wani yammaci mata na bin Hadiza da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, sai Nelson ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Hadiza ta dubi fuskarsa, allin ya karye a hannunta.

"Ta ce in an fara, a bari a ƙarasa," ya faɗa a hankali.

Hadiza ta ɗauki guntun allin, ta kai su har ƙarshen layi. Sannan ta juyo ta faɗa musu.

An kai Mama ƙauyensu, aka binne ta kusa da mijinta. Hadiza ta je, ta zauna cikin 'yan zumuntar matan coci da mayafinta, ta yi kukanta son ranta, don ta yi rashin uwa.

Washegarin dawowa, bayan la'asar, ta leƙa gidan Mama. Ta tarar an jera bencina a inuwa, Nelson na goge na ƙarshe da tsumma. Ya ajiye tsumman. Ya ɗauko rodin daga kan taga, inda labulen Mama ke nan a yaye, ya miƙa mata.