Daɓe Na Bakwai

Kwana shida kacal Baba Mai Awo ya yi bai zo aiki ba, saboda an yi wa matarsa aikin ido. Ranar da ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya zagaya bayan ɗakin gwaji, sai ya tsaya cak.

A can akwai daɓen kankare goma sha biyu, kowanne ya kai faɗin ƙofar gareji. Shekara tara ke nan da zuba su, kowanne da irin haɗinsa na siminti da yashi da tsakuwa. An bar su ne rana ta gasa su, ruwa ya doke su, tankar ruwa ta bi ta kansu kowace safiya, don a ga wanda zai fi jure wahala idan aka yi titi da shi. Aikin Baba shi ne duk ɗaya ga wata ya durƙusa ya auna kowace tsaga, tsawonta da faɗinta, ya rubuta. Gwiwoyinsa har sun yi kanta. Sai shekara goma ta cika za a yanke hukunci, saura wata goma.

Yau babu tsaga ko ɗaya. An shafe su duka da siminti, sumul, an bi da fenti ruwan toka, har da farin layi a gefe don burgewa.

Wani magini na tsugune yana wanke cokalinsa a bokiti. Ya ɗago yana washe baki.

"Baba, ka ga aiki ko? Kwana uku muka yi. Na bakwai ɗin nan ya ba ni wahala wallahi, buhu guda ya sha shi kaɗai."

"Wa ya sa ka?"

"Darakta mana. Ya ce manyan baƙi za su zo yau, kada su ga wurin kamar kango."

Baba ya sake duban daɓen. Bai ga laifin magini ba, mutumin da duk rayuwarsa in ya ga tsaga toshewa yake yi. Amma Darakta fa? Mutumin da ke sa hannu a rahoton binciken nan duk wata uku? Ashe sa hannun kawai yake yi, ko shafin farko bai taɓa buɗewa ba.

Ya same shi a ofis yana gyara zaman hula a gaban madubi.

"Ranka ya daɗe, an lalata mana bincike."

"Haba Baba, gyara fa aka yi. Ai lambobinka na nan a littafi."

"Na shekara tara na nan. Na goman a ina zan auno shi? Tsagar ita ce aikin, ita muke jira!"

"To kai so kake masu kula da tituna su zo su ga kankarenmu ya farfashe? Me za su ɗauke mu? In sun tafi ma yi magana. Don Allah ka canza rigar nan, kuma in ba a tambaye ka ba kada ka ce komai."

Baba ya fito yana huci. Shekara tara yana rarrafe a rana kamar mai neman allura, wai a ce masa ya canza riga.

Da hantsi baƙi suka iso, su biyar. Babbansu dattijo ne mai sanda, mai yawan tambaya. Ya bi daɓen ɗaya bayan ɗaya yana karanta allon da ke gaban kowanne, har ya zo na bakwai ya tsaya.

"Wannan shi ne mai ƙarancin siminti?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Darakta.

"Shekara tara mota na takawa, ko tsaga babu? To ai mun samu abin da muka zo nema. Titin da ke zuwa asibiti da wannan haɗin za a yi shi."

Baba ya dubi Darakta yana jira. Darakta ya yi ɗan tari, ya yi murmushi, ya ce, "Muna dai ƙoƙari."

Nan haƙurin Baba ya ƙare. Na bakwai shi ne mafi lalacewa a cikinsu, tun damina ta biyu ya fara buɗe baki. Ya taka zuwa wurin kayan magini, ya ɗauko guduma, ya ratsa tsakiyar baƙin.

"Baba! Kai Baba!" Darakta ya daka masa tsawa.

Bai ko waiga ba. Ya san wurin ko ido a rufe. Duka uku ya yi, ɗanyen simintin ya ɓare, ya yaye shi da hannu, sai ga tsagar ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ranka ya daɗe, zura sandarka."

Dattijon ya zura. Ta shige har kamu guda. Ya zaro ta a hankali, ya yi wa Darakta wani dogon kallo, sannan ya juyo ga Baba.

"To malam, cikin sauran wanne ya fi ƙarko?"

"Guda uku ne ke kankankan. Da an bar su wata goma, da na faɗa maka."

"Yanzu fa?"

Baba ya ajiye gudumar, ya karkaɗe gwiwoyinsa.

"Yanzu sai a zuba sababbi, a jira shekara goma. Ni baɗi zan ajiye aiki. Sai ku nemi wanda zai durƙusa muku."