Makullin Baya

Ƙarfe huɗu na yamma za a rufe shafin intanet na neman gurbin makarantar koyon jinya. Ƙarfe sha ɗaya na safe sabarmu ta biyu, ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, ta mutu.

Uku gare mu, duk tsofaffi. Ni ke kula da na'urar da ke tsaye a gabansu tana raba musu masu shigowa shafin. Da ɗaya ta faɗi, na'urar ta juye kayanta kan biyun da suka rage, suka kama nishi. A kusurwar ɗakin kuwa ga sababbi huɗu cikin kabad ɗinsu. Wata biyu ke nan da na gama shirya su, aka kulle, aka ɗaure ƙofar da jan ƙyalle.

Yayata ta bugo waya.

"Auta, wai ba kai ne a wurin ba? Tun safe 'yarka take dannawa, abu sai juyi yake. Shekara shida kana can cikin sanyi, abin da ka koyo ke nan?"

Na hau sama wurin Darakta. Yana duba katin gayyata.

"Bature! Zauna mana."

Ban zauna ba.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in kunna sababbin."

"Shugaban hukuma ne zai buɗe su ranar Alhamis. Ga kati har an buga."

"Yau Litinin. Mutum dubu tara ne a layi."

"To ka raba lodin. Ba aikinka ke nan ba?"

"In raba wa wa? Ko a ƙara wa'adi."

"Wa'adi ba a hannuna yake ba. Ku da kuka yi karatu a waje, gaggawa ce matsalarku. Nan komai da tsarinsa."

Na sauko. Baba Mai Sito, wanda makullan ofis ke hannunsa, yana kan bencinsa.

"Baba, makullin kabad."

"Na gaba yana aljihun Darakta, ɗana." Ya sosa gemu. "Na baya dai ba wanda ya taɓa tambayata."

Na karɓi makullin, na ja kabad daga bango, na shiga ta baya. Ban taɓa ƙyallensu ba. Na jona wuta, na jona wayoyi, na sa sababbin cikin jerin na'urar ɗaya bayan ɗaya. Kowacce na ba ta ninki uku na kason tsofaffin. Layi ya fara zaizayewa: dubu tara, dubu shida, ɗari huɗu.

Uku da kwata Yaya ta turo saƙo: "Ta shiga. Ashe kana da amfani."

Uku da rabi Darakta ya turo ƙofa. Iskar fankokin sabar tana ta kaɗa jan ƙyallen.

"Wa ya ba ka izini?"

"Babu."

"Kashe su!"

"Sai huɗu da minti ɗaya."

"To ranar Alhamis me Shugaba zai kunna?"

"Ga fitilar ɗaki nan."

Ya miƙa hannu wajen soket. Na tsaya a gabansa. Sai ya juya ya fita yana kiran sakatariya.

Takardar dakatar da ni daga aiki ta iso huɗu saura minti biyar. Na karɓa, na danne ta da kofin shayi. Saura mutum sittin a layi. Sai da na ƙarshe ya shige na sa hannu.