Kayan Jaje a Zauren Kailani

Malam Kailani kafinta ya daina hawa rufi tun da gwiwa ta ci amanarsa, amma har yau in aka ce gobara a Tudun Wada shi ake fara tunawa. Lokacin da yake da ƙarfi, kafin toka ta huce ya iso da guduma da zarto, ya hau, ya rufa, ya sauko ya tafi gida bai karɓi ladan kowa ba. Shi ya yi wa shagon Chike mai kayan gini rufi shekarar da wutar lantarki ta cinye layinsu. Shi ya yi wa ɗakin Talatu mai ƙosai rufi. Shi kuwa bai taɓa miƙa wa mutum hannu ba, kuma yana son a san haka.

Wata safiya matarsa Atika ta same shi a zaure, waya a hannunta, mayafi a karkace.

"Malam, yaron nan ya bugo. Gidan da suke haya ya ƙone."

Mujahid take nufi, ɗansu na fari, wanda ba ta kama sunansa. Aikin jinya yake yi a Turai, yana zaune da matarsa Bahijja da 'yarsu ƙarama.

"Rai fa?"

"Sun fita lafiya. Daga ɗakin girkin maƙwabci ta tashi. Da kayan jikinsu kawai suka tsira."

Kailani ya yi hamdala. Bayan azahar ya miƙe a masallaci ya roƙi addu'a. Addu'a kawai ya roƙa. Amma Tudun Wada ta san abin da ake yi wa wanda wuta ta ci. Aka kuma ji cewa Muntaka, ɗan yayar Atika da ya zo hutu daga can, zai koma ƙarshen mako kuma ya yarda zai ɗauki jaka guda. Shi ke nan, zaure ya fara cika.

Nagoda tela ya ture ɗinkin mutane gefe, ya ɗinka wa Mujahid kaftani biyu. Chike ya shigo da bargo mai kauri a kafaɗa, ya ce, "Baba Kafinta, can sanyi ne, ba wasa." Wasu suka kawo darduma, wasu hula, wasu 'yan riguna na yarinya. Sai Talatu ta zo da turmin atamfa, sabo fil, har yana warin ƙasan akwati.

Kailani ya ɗaure fuska. "Ke me kike da shi? Mayar da abinki."

"Ranar da ka hau ɗakina ka tambaye ni abin da nake da shi?" Ta ajiye a gabansa. "A kai wa Bahijja ta rufa jiki."

Ya karɓa. Karɓa ta yi masa nauyi, don bai saba ba. Amma a ransa ya ji wani daɗi da bai gaya wa kowa ba: ashe ba a manta ba. Ya shiga ɗaki ya ciro babbar rigarsa ta zuwa Idi, shuɗiya mai aiki a wuya, ya ninke ya ɗora a saman kayan mutane.

Ana gobe Muntaka zai tafi, Mujahid ya bugo kira mai hoto. Atika ta riƙe wa Malam wayar. Kailani ya ƙura ido. Yaron yana zaune a kan kujera mai laushi, bayansa labule, gefe ga talabijin, ga rigar sanyi sabuwa a jikinsa.

"Gidan wa kake?"

"Masauki ne, Baba. Kamfanin inshora ne suka ba mu."

"Kamfanin me?"

"Inshora ta 'yan haya. Mai gidan yana da tasa ta gini, mu muna da tamu ta kayan ɗaki. Duk wata muna biyan ɗan wani abu. In wuta ta ci, ko ruwa ya ɓata, ko ɓarawo ya shiga, su suke mayarwa. Tun ranar suka kawo mu nan, kayan ma za su biya duka. Muntaka ya ce wai an tara mana kaya. Don Allah a mayar wa mutane abinsu, ba ma buƙata."

Kailani ya matso da fuska kusa da wayar.

"Tun ranar?"

"E, Baba."

"Tun ranar ka sani. Ka bar ni na tsaya a masallaci."

"Na san yadda kake ji da inshora. Kullum kana cewa caca ce, shi ya sa ban..."

"Caca ce! Amma ba ita ta ƙona ni ba yau. Kai ne!" Ya fizge wayar daga hannun Atika. "Na tsufa ban roƙi kowa ba. Kai ka zo ka sa ni tara kayan talakawa a kan ƙarya. Matar da ke soya ƙosai ta ciro atamfarta daga akwati, kai kana kan kujera kana miƙe ƙafa!"

"Ai shi ya sa na ce a mayar."

"A mayar? Ka taɓa ganin an mayar da kayan jaje? In ce wa Nagoda me? Ɗauki kaftaninka, ɗana ya fi ƙarfinsa?"

"To in aiko a biya kowa kuɗin abin da ya kawo."

Kailani ya kife wayar a kan tabarma.

Atika ta tsugunna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. "Malam, wa ya sani? Mu yi shiru. Muntaka ya tafi da 'yan kaɗan, sauran a raba wa dangi a hankali."

"In ci haram da furfura? In wuce Talatu kullum tana gaishe ni, ina sane?"

"To ya za ka yi?"

Kailani ya zauna yana kallon tulin kayan. In ya mayar ya zagi mutane. In ya yi shiru ya cuce su. Duk hanyar da ya bi, sunan da ya gina da guduma ne zai tsage.

Da aka idar da la'asar, mutane suka zazzauna a dakalin ƙofar masallaci kamar kullum. Chike ya tsallako daga shagonsa ya jingina da bango. Talatu tana tsallaken kwata tana hura wutar ƙosai. Kailani ya ba Muntaka waya ya ce ya kira Mujahid, ya buɗe muryar kowa ya ji. Sannan ya tsaya, bai dogara da sanda ba.

"Jama'a, na karɓi kayanku a kan buƙatar da babu ita. Wuta ta ci gidan, gaskiya ne. Amma yaron yana da inshora, kamfani ya ɗauke masa komai. Ban sani ba sai yau. Zaure a buɗe yake. Wanda ke son abinsa ya shiga ya ɗauka, ba zan ga laifinsa ba."

Ba wanda ya motsa. Nagoda ya cire hula, ya sake sawa.

"Malam Kailani, mu za ka ce wa mu shiga mu ɗauka?"

"Gaskiya na gaya muku."

Chike ya yi ɗan tari. "Baba Kafinta, inshora ba laifi ba ce fa. Ni ma tun waccan gobarar na yi wa shagona."

Kailani ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ma?"

"To ai gwiwarka ta mutu. Wa zai hau mini?"

Wasu suka yi dariya. Kailani bai yi ba.

Daga cikin waya muryar Mujahid ta fito, siririya. "Ina gaishe ku, iyayena. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sai dai gaskiya ba ma buƙatar kayan, akwai waɗanda suka fi mu..."

Nagoda ya miƙe, ya matso bakin wayar. "Mujahid, ni ne Nagoda, wanda ya ɗinka maka wandon makaranta. Ka ce ba ka buƙata. To ranar da Babanka zai kwanta dama, kamfanin ne zai zo ya ɗauki makara?"

Kailani ya karɓe wayar daga hannun Muntaka, ya ture Nagoda gefe.

"Kai, tela! Ɗana ne. In zagi ne ni zan zage shi, ban ɗauke ka haya ba."

"Ai ka yi sanyi ne."

"Ni? Koma bakin kekenka."

Talatu ta taso da matsami a hannu, ta tsaya nesa kaɗan da maza, ta ɗaga murya. "A tambayar mini shi. Kamfanin nan ya zo musu jaje? Ya zauna da Bahijja ya ce mata sannu?"

Mujahid ya ce, "A'a, Inna Talatu."

"To atamfata sannu ce. Ban kawo don tana tsirara ba. In ba ta so ta ɗaura wa 'yarta, amma kada in sake ganinta a Tudun Wada." Ta juya ta koma ga kaskonta.

Aka ji numfashin Mujahid a waya. "Baba, a aiko. Duka a aiko."

"Ba izininka nake jira ba," in ji Kailani. "Za su zo. Ka sa kaftanin nan ka tafi masallaci da shi. Ka kira kowa da bakinka ka yi godiya, ɗaya bayan ɗaya. In jaka ta yi wa jirgi nauyi, wannan matsalarka ce da kamfaninka." Ya miƙa wa Muntaka wayar ba sallama.

Nagoda ya koma mazauninsa yana ƙunƙuni. Chike ya ce, "Baba Kafinta, ba ka yi fushi da ni ba ko?" Kailani ya wuce shi kamar bai ji ba. Amma da ya zo daidai kwata, Talatu ta ce, "Sannu, Malam," yadda take faɗa kullum, shi kuma ya iya ɗaga kai ya amsa.

A zaure ya buɗe babbar jaka ya fara shiryawa da kansa. Bargon Chike a ƙasa, sai kaftanai, sai darduma da huluna, atamfar Talatu ya naɗe ta a leda don kada ta ɓaci. Atika tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Da ya zo kan babbar rigarsa shuɗiya, sai ya tsaya. Ya ɗaga ta, ya kakkaɓe, ya rataya a kafaɗa.

"Malam, ita fa?"

"Na mutane zai tafi. Wannan tawa ce, ina da ikon janyewa."

"Haba, Malam. Ɗanka ne."

"Ya ce ba ya buƙata. Na ji."

Ya zuge jakar, ya zagaye ta da igiya, ya taka da ƙafa mai lafiyar ya ja ƙulli har igiyar ta yi ƙara. Sannan ya shiga ɗaki, ya mayar da rigar akwati, ya rufe.