Facin da Ya Ƙi Zama

"Baba Dabo, allon ja ne har yanzu?"

"Ja ne, ɗana," na ce, ina duban kwamfutarsa.

Gamaliel maƙwabcina ne a Angwan Iya. Ciwon suga ya ci masa ido, ya kumbura masa ƙafafu, shi ya sa ya kira ni in karanta masa allon, ni da karatuna bai wuce firamare ba. Aikinsa ya daɗe yana ba ni mamaki. Wasu mutane a wata ƙasa ne ke rubuta manhaja, shi kuma ya yi mata faci-faci don ta yi aiki a tsofaffin kwamfutoci irin na makarantunmu, ya haɗa ta, a raba kyauta. To sun fito da sabuwa, facinsa ɗaya ya ƙi zama. In bai haɗa ta kafin Juma'a ba, za a cire ta daga rabon. Ya rantse ba zai je asibiti ba sai ya gama.

Matarsa Priskila ta leƙo, idonta jawur. "Baban Ruben, mai keke zai tafi fa!"

"Ba shi ruwa ya sha. Baba, karanto layin ƙasa."

Na bi haruffan ɗaya-ɗaya, ina jin numfashinsa kamar ana jan buhu a kan siminti. Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Ashe sun karɓa! Gyaran nawa ya riga ya shiga cikin sabuwar. Ina ta faci inda babu huji. Goge shi."

Na duba, sunansa ne a saman facin. Na daɗe ina lura, duk wanda aka kankare sunansa daga ƙofar shago ba ya daɗewa a duniya.

"Ɗana, sunanka ne a jiki. A bari ka dawo."

"Kai da kake kama kunama da hannu, maɓalli kake tsoro? Danna mu tafi. In allon ya yi kore, aikin zai tura kansa."

Na danna. Muka ɗauke shi zuwa keke, na dawo na zauna gadin allon, rubutu na ta gudu.

Kafin la'asar na ji ihun mata a bakin layi. Bai kai ƙofar asibiti ba.

Na juya ga kujerarsa. "Kore ne, ɗana."

Silifas ɗinsa na ƙarƙashin tebur, an tsaga bakin ɗaya don ƙafar ta shiga.