Kashi Sittin na Malam Aƙilu

…da rijiyar tsakar gida an toshe bakinta da siminti, da darbejiyar ƙofar gida an sare, rumfar cajin waya a gurbinta. Lungunmu ya tsuke, ko ni ne na buɗe? Ɗakin Inna, Allah ya jiƙanta, ya koma ma'ajiyar masara. Tayyiba ƙanwata, da na bari tana kuka kan kitso, yanzu ita ke riƙe da gidan. Shekara bakwai a Legas, na dawo Ƙofar Gayan komai ya gusa. Ban da keken ɗinkin Baba a shagonsa na bakin kasuwa. Yana nan, shi ma yana nan a kansa. Idanun ne suka tafi. Yanar ido ta lulluɓe su, fari fat, kamar an ɗiga koko.

Ba don shi na dawo ba. A faɗi gaskiya, tunda ba mai ji.

Alhaji Abdulwahab ne ya turo ni. Maigidana, mai kamfanin ɗinki, injuna tamanin a jere. Gwamnati ta ware kwangilar rigunan masu shara, guda ɗari uku, ta ce ƙananan teloli kaɗai. Babba ba ya shiga. To sai a nemo ƙarami a shiga da sunansa, wani sabon abu ne? “Suhaib, ba ka ce tsohonka tela ne ba?” Ni na ce. Ni na kai sunan. Malam Aƙilu Tela, shekara arba'in a sana'a, bai taɓa cin ragowar yadin kowa ba — irin sunan da ke wucewa ofis ba a ɗaga kai.

Kuskurena ɗaya: na karanta masa takardar. Wa ya aike ni? Da na kama hannunsa na ce sa nan, da an gama. Sharaɗi na tara… mai kwangila zai yi kashi sittin da kansa, abin da zai miƙa wa wani kada ya wuce arba'in. Da gudu na wuce wurin. Ya ce maimaita. Na maimaita. Ya hau lissafi, leɓensa na motsi. “Ɗari da tamanin nawa ne ke nan.” Na ce Baba, rubutu ne kawai, kowa haka yake yi. Ya ce, “Sunan kowa ne a ƙasa, ko nawa?”

Taurin kai. Shi ya tsare shi a shago ɗaya shekara arba'in, shi ya kore ni daga garin nan, shi ne…

Alhaji dariya ya yi a waya. Ɗari ukun suna cikin kwali tun kafin a sanar da kwangilar. “A ba tsoho yadi ya yi wasa, zai yi kyau a hoto.” Ya kuwa yi kyau. Jami'ai biyu suka zo duba aiki, suka tarar da dattijo a kan keke, yadi ruwan lemo har gwiwa. Ɗayan har ya ce irinku ake so, Baba. Suka ɗauki hoto, suka sha lemo, suka tafi. Shi kuma ya kwana uku yana ba maƙwabta labari.

Wata uku. Biyu a rana. Tayyiba na zura masa zare, shi yana lalube. Wannan hannu ya fi wancan tsawo. Aljihu a karkace kamar bakin mai shanyewar jiki. Ɗigon jini a wuyan wata, inda allura ta same shi — ya ce ba komai, a wanke. Me zan kai? Wa zai karɓa? Ko kyauta aka ba mahaukaci sai ya duba sau biyu.

Kowace Alhamis in ɗaure ƙunshi a bayan babur. “Ma'aikata zan kai, Baba.” Allah ya yi albarka. In zarce Tukur-Tukur, garejin makanikai. Suna yagawa suna goge hannu. Wani ya ce yadin na shan baƙin mai da kyau, in akwai saura a ƙaro. Na ƙaro. Sau goma sha uku na ƙaro… har yanzu ina ganin aljihun nan a kan injin tifa, baƙi ƙirin, a karkacensa.

Laifin wa? Ni na rubuta dokar? Waɗanda suka rubuta ta sun taɓa shigowa lungu sun ga ƙaramin tela? Ga shi nan, ƙaramin. Makaho ne. Su zo su ɗauka.

Jiya — a'a, bari, jiya. Garba mai sharar bakin kasuwa, mutumin ƙauye, kullum sai ya tsaya ya gaishe da Baba. Ya zo cikin sabuwar rigar masu shara, ɗinkin kamfanin Alhaji. Tayyiba ce da bakinta: Baba, ga rigarka a jikin Garba. Ina tsaye. Ina iya cewa Garba wuce, sauri ake. Ban ce ba. Me ya hana ni? Baba ya miƙe, fuskarsa duk haƙora, ya kama hannun rigar, ya juya kalmasar, ya bi ta da babban yatsa. Haƙoran suka koma.

“Ɗaga hannunka, Garba.”

Ya ɗaga, yana dariya. “Ai Malam ta nan ta fara ɓarkewa, sati biyu kacal. Ko zaren ne na zamani?”

Ashe ƙyalle Baba yake ƙarawa a hammatar kowace riga. Mai shara hannunsa kullum cikin lilo yake, in ba a ba hammata wuri ba sai ta yage. Ɗari da tamanin, kowacce da ƙyallenta, a lalube. Ban taɓa lura ba. Ni da na ɗaure su da hannuna…

Baba ya zura yatsa a yagar, ya daɗe. Ya ce kawo gobe in gyara maka. Ya zauna. Bai waiwayo inda nake ba, ko da yake me zai gani?

Da zagi ya yi. Da ya ɗaga sandar nan. Na san yadda ake tsayawa a gaban zagi, Legas ta koya mini.

Yau da safe ya sa Tayyiba ta ciro babbar rigarsa ta Juma'a. Ya kira ni, murya lafiya lau. “Na san an yi musanya, ban tambaye ka dalili ba. Ka ɗauko nawa daga inda ka ajiye, mu kai ma'aikata, in gaya musu da bakina. A ba mutane rigunansu.”

Inda na ajiye!

Idan ya je, me za su yi masa? Su hana makaho kwangila? Alhaji kuwa arba'in ɗinsa halal ne a takarda. Wanda ya sa hannu cewa an karɓi kaya daga shagon Malam Aƙilu, ni ne. Ni za a rufe. Ya sani? Ko bai sani ba? Ko ya sani, shi ya sa muryar ta yi laushi haka…

Wando biyu, caja, takardun. Zif ɗin jakar ya cije. Motar Legas sai azahar, amma gara in jira a tasha. Tayyiba na tsakar gida tana tankaɗe, ta ga jakar, ta ci gaba da tankaɗe.

Ƙofa ɗaya ce gidan nan, ta zaure. Baba yana zaune a can tun hantsi, sanda a cinya, hula a gyare, yana jiran motsin babur. Taku bakwai ne daga labule zuwa waje. Ba zai gan ni ba. Ji ne kawai… kunnen nan da ke gane zare ya kusa tsinkewa.

Na cire takalman. Suna hannuna. Siminti da sanyi.

Ya gyara zama.