Joy da Tankin Dagwalo

Tun da Joy ta samu aiki da masu haɗa tankin ƙarfe, tuwo ya daina yi wa mahaifinta Ishaya daɗi. Wani kamfanin sarrafa shinkafa ne a hanyar Dutsin-ma ya ba da aikin. Ruwan da suke turara shinkafa da shi ya ishi maƙwabta da wari, shi ne aka ce su tara dagwalon wuri ɗaya, su tace shi kafin su sake shi. Joy ta daɗe a gida bayan ta gama karatun injiniya, saboda haka ranar da aka kira ta har rawa ta taka a tsakar gida.

Ishaya magini ne, ya fi daɗewa a kan gini fiye da yadda Joy ta daɗe a duniya. Ya taɓa ganin abokin aikinsa ya faɗo daga bene, har yau mutumin da sanda yake tafiya. Kullum da safe sai ya karkata babur ya bi ta bayan kamfanin, ya ga tankin ya leƙo ta saman katanga, kore shar, yau ya fi jiya tsawo. A sanin magini kuwa, duk mai ƙara wa gini tsawo yana can sama.

"Baba, ni fa ƙafata a ƙasa take wuni," in ji Joy.

Bai yarda ba. Haka shi ma yake ce wa tasa uwar a Zonkwa, alhali yana wuni a saman bene.

Ran Lahadi bayan an taso coci ya kira ta gaban mahaifiyarta, Mary, ya ce ta ajiye aikin. Idon Joy ya kawo ruwa.

"In ka ce in bari, zan bari, Baba. Amma ka zo gobe ka gani da idonka. In ka gani ka sake cewa in bari, a babur ɗinka zan dawo."

Washegari yana fito da babur sai ga maƙwabcinsa Malam Maitama, mai shagon siminti a Ƙofar Kaura, ya rufe shago yana gyara hula.

"Ina zuwa, Malam?"

"Inda za ka. Mary ta hwaɗa wa mai ɗakina Hure, Hure ta hwaɗa mani. Ka ga in ka suma can ai a samu mai tuƙo babur."

"Ka iya babur ne?"

"A'a. Amma na iya kiran jama'a."

Mai gadi ya ba su hular kwano ɗai-ɗai. Maitama ya ɗora tasa a kan hularsa ta zanna, ya ce shi ba ya cire hula don ƙarfe. Suna zagayowa Ishaya ya ɗaga kai yana neman 'yarsa a sama. Babu kowa a can, sai rufi an riga an ɗora shi tsaf, da wasu tantabaru biyu.

"Baba! Nan ƙasa!"

Ga Joy tsaye a kan kankare, da rigar aiki da na'urar ɗaure noti a hannu. Sai a lokacin ya lura tankin bai taɓa ƙasa ba. Yana tsaye ne a kan wasu jak-jak, irin na ɗaga mota, da aka jera kewaye da shi, a ƙarƙashinsa kuma akwai fili kamar tsayin mutum, ma'aikata suna jera fallayen ƙarfe a wurin.

Shugaban aikin, Injiniya Sada, ya zo suka gaisa, an tambayi gida da aiki da gajiya da zafi. Sa'annan ya ce, "Joy, ki nuna wa Baba, ai ɓangarenki ne."

"Rufin muka fara haɗawa, Baba, nan a ƙasa. Muka ɗaura masa zagaye na farko, muka ɗaga da jak, muka sa wani a ƙarƙashi. Kowane falle sai an shafa gam a bakinsa don kada ya yi yoyo, sannan a ɗaure noti. In zagaye ya cika a sake ɗagawa. Shi yake hawa, mu muna nan."

"Rufi kafin bango?"

"Rufi kafin bango."

Maitama ya tafa hannu. "To, sarkin magina, ashe kai ne kake yi a juye tun da!"

Can da zagayen ya cika aka busa usur, kowa ya ja baya. Injin ya yi gunji a hankali, sai ga ƙaton tankin nan da rufinsa da komai yana tashi kaɗan-kaɗan kamar raƙumi zai miƙe. Tantabarun ma ba su tashi ba. Ishaya ya saki baki, can sai dariya ta ƙwace masa, ya riƙe kafaɗar Maitama yana yi har da hawaye.

"Malam, ka ga duk ramar da na yi? Tantabaru nake yi wa addu'a!"

Da dariyar ta lafa ya durƙusa ya ƙwanƙwasa kankaren da ɗan yatsa, ya shafa gefensa, ya duba inda aka kafe jak ɗin. Aiki ne mai kyau, babu tsaga ko ɗaya. Yana miƙewa idonsa ya faɗa kan wani tsani da ya bi jikin tankin har sama, an kewaye shi da keji.

"Wancan fa, na wane ne?"

Joy ta dubi Injiniya Sada, ta dubi mahaifinta. "In an gama za a cika shi da ruwa mai kyau a gwada, kafin a saki dagwalo. Ranar sai an hau an duba rufin. Ni zan hau, Baba, da igiya a ƙugu. Ni na roƙa."

Ishaya ya bi tsanin da kallo daga ƙasa har ƙarshe. Ya dawo da idonsa kan layin notin da ke gabansa, kowanne an ɗiga masa farin fenti alamar an ɗaure an duba, layi ɗaya santal ba karkata.

"Waɗannan ke kika ɗaure?"

"Ni ce."

"Kawo igiyar in gani."

Aka kawo. Ya ja ta, ya murɗa, ya taka da ƙafa ya sake ja, ya buɗe ƙugiyar ya rufe. Sa'annan ya miƙa mata.

"Koma bakin aikinki, kin bar mutane suna jira."

Joy ta yi tsalle ta rungume shi har hularsa ta faɗi, ma'aikatan suka ɗauki shewa suna buga sifana a jikin ƙarfe.

"Injiniya," in ji Ishaya cikin hayaniyar, "alfarma ɗaya. Ranar da za ta hau, kada wanda ya gaya mini sai ta sauko."

"Kwantar da hankalinka," in ji Maitama. "Ni da kaina zan zo in tashe ka da labarin tun da sassahe."